Kunnen Baba da injin da ba shi da fistan

Shekara ashirin ke nan, ko kusa da haka, ina cin abinci da harsuna biyu. Da safe in shiga wannan aji in koyar da Faransanci, da hantsi in koma wancan in koyar da Hausa, kuma babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ɗauki magana daga wani harshe na kai ta wani ba. Har na fara ganin kaina gwanin tafinta. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tafintar da ta fi ba ni wuya duk tsawon aikina a zauren mahaifina na yi ta, a Maraɗi, cikin hunturun 2022, tsakanin mutum biyu masu jin Hausa sarai, a kan wata mota da ni da mahaifin nawa ba mu taɓa sa wa ido ba.

Mahaifina makanike ne. Ya shiga gareji yana yaro, zamanin da 404 a-kori-kura ke jigilar gyaɗa, ya kuma tsufa a ƙarƙashin 504, motar da Peugeot ta fitar a 1968, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika hanyoyinmu da ita. Direbobin hanyar Katsina da na Damagaram da abu guda suka san shi, watau karbiratar, wadda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa kafireta. Aikin wagga na'ura shi ne gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Maƙogwaro gare ta mai tsukakken tsakiya. Iskar da inji ke zuƙa in ta iso wurin tsukuwar sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ragin matsin nan kuwa shi ke tsotso mai daga ƴar tukunyar da ke gefe, ta wata ƙaramar kafa da ake kira jiklar. Littattafai sun jingina wannan da sunan Venturi, wani masani ɗan Italiya na ƙarni na 18, sun kuma ce kowane giram na fetur giram 14,7 na iska yake so kafin ya ƙone ƙurmus. Baba bai taɓa jin sunan Venturi ba, bai kuma san lissafin ba. Shi dai ya karkata kai, ya lumshe ido, ya murɗa noti kaɗan-kaɗan har inji ya daidaita numfashi, sa'an nan ya zare buji ya duba: in baƙi ne mai ya yi yawa, in fari fat ne inji na jin yunwa, in kuwa ya yi launin soyayyar gyaɗa, to a biya shi a tafi.

Duniya ba ta yi shawara da shi ba ta sake hanya. Tun daga 1993 dokar hayaƙi ta ƙasashen Turai ta sa kusan duk sabuwar motar fetur ta koma ga allurar mai, abin da ƴan gareji ke kira injeksiyo. Bayan ƴan shekaru tsofaffin motocin nan suka fara shigo mana ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, babu maƙogwaro babu jiklar, sai wayoyi da wata ƙwaƙwalwa a rufe cikin akwati. Samari masu na'urar bincike suka gaje kasuwa. Abin da ya rage wa Baba shi ne babura, da janareto, da injunan ban-ruwa na masu lambu. Daga baya yana ta sauko masa a ido, ya miƙa gareji ga almajiransa, ya dawo zaure. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma na lura duk motar da ta wuce ƙofar gida sai ya katse magana ya saurara.

Autanmu shi ya gaji hannunsa. Ya yi karatun kanikanci, ya tafi Faransa ƙaro ilimi, ya sami aiki a wani gareji kusa da birnin Le Mans. A can ya sayi wata tsohuwar Mazda RX-7 ƙirar 1982 da ta daɗe a ajiye, ya shekara guda yana tada injinta da kuɗin da yake tsimi daga albashinsa. Da ta tashi sai ransa ya biya ga turbo, domin ya riƙa kai ta filin tsere ran hutu. Wata Asabar ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, na kunna wa Baba. “Baba, barkanku da hutawa. Na sayi wata tsohuwar mota ina so in ƙara mata ƙarfi. Karbiratar gare ta. Ina neman shawararku: in bar mata abinta, ko in sa mata allura?” Bayan minti biyar wani saƙon ya shigo, wannan nawa ne ni kaɗai. “Yaya, amsar na san ta, allura zan sa. So nake Baba ya ji cewa har yanzu ana tambayarsa. Ka san yadda za ka yi.” Da wannan jimla ta ƙarshe ya ɗora mini kayan da shi ya kasa ɗauka.

Baba ya gyara zama. Da yake ni ɗan fari ne ba ya kama sunana, Mushe yake ce mini tun ranar da na fara koyarwa. Ya ce, “Mushe, tambaye shi fistan nawa gare ta.” Na ce ai ba ta da fistan ko ɗaya. Ya yi shiru, ya ce in bar wasa da manya. Sai na nemo kwali da almakashi. Na yanke rami mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, na yanke wani abu mai kusurwa uku, gefunansa a ɗan kumbure, na sa shi cikin ramin, na kama yatsunsa na bi da su. Abin nan mai kusurwa uku shi ne ɗan juyi. Yana zagayawa, kusurwoyinsa uku ba sa rabuwa da bango, saboda haka kullum akwai ɗakuna uku, wannan na buɗewa wancan na tsukewa. A ɗaya ana shaƙar mai da iska, a na biyu ana matsewa a kunna wuta, a na uku ana fitar da hayaƙi, duk a lokaci guda. Babu bawul, ƙofofi ne kawai a jikin bango, ɗan juyin ke buɗe su yana rufewa. In ya zagaya sau ɗaya, sandar tsakiya ta zagaya sau uku. Motar Auta ƴan juyi biyu gare ta, kowane da ɗaki mai cin cm³ 573 da buji biyu, kuma da gangan injin ke shan baƙin mai kaɗan-kaɗan domin ya shafe bangonsa. Baba ya daɗe yana juya kwalin. Daga nan ya dafa kan kusurwa ɗaya ya ce, “Me ke nan wurin?” Na ce wata ƴar sandar ƙarfe ce mai kaurin milimita 3, ita ke hana iska tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki, kamar yadda zobe ke yi wa fistan. Ya ce, “To haƙoransa ke nan. Nan ajalinsa yake.”

Abin da yatsunsa suka gano cikin ƴan mintoci shi ne abin da ya cinye dukiyar kamfanoni. Felix Wankel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, an haife shi a 1902, ya mutu a 1988, kuma bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba saboda raunin gani. Injinsa na farko ya tashi a 1957 a kamfanin NSU. Kamfanin ya fitar da Ro 80 a 1967, aka zaɓe ta motar shekara ta 1968 a Turai, amma haƙoran nan suka riƙa cinyewa da wuri, canjin injuna kyauta ya karya kamfanin, Volkswagen ta haɗiye shi a 1969. Citroën ma ta gwada: ta fitar da GS Birotor a 1973, daidai lokacin da rikicin man fetur ya tashi, ga injin kuwa da shan mai. Guda 847 kawai aka ƙera, kamfanin ya bi yana sayen abinsa yana rugurguzawa domin kada ya ɗauki nauyin kayan gyara. Ba a jima ba Citroën ta koma ƙarƙashin Peugeot. Da na kawo nan Baba ya yi murmushi irin na wanda dokinsa ya ci sukuwa.

Mutanen Hiroshima ne suka ƙi sakin abin. Mazda ta sayi izinin ƙera injin a 1961, ta ware injiniyoyi 47 ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suka yi ta fama da wasu zane-zane da haƙoran ke bari a jikin bango, har suka laƙaba musu suna yakushin shaiɗan. Sun fitar da Cosmo Sport a 1967, sa'an nan RX-7 a 1978, wadda aka ƙera fiye da 800.000 kafin a tsayar da ita a 2002. A 1991 motarsu 787B mai ƴan juyi huɗu ta ci tseren awa 24 na Le Mans da zagaye 362, kuma ita ce motar Japan ta farko da ta yi haka. Motocin Peugeot 905 guda biyu da suka shiga tseren shekarar ba su kai ƙarshe ba, sai a 1992 da 1993 Peugeot ta rama. RX-8 ta riƙe injin daga 2003 zuwa 2012, a 2023 kuma Mazda ta dawo da shi cikin MX-30, yana juya janareto domin cajin batir.

Turbo ba ta ba mu wahalar fassara ba. Na ce hayaƙin da ke fita ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Baba ya ce, “Zugazugi ke nan.” Iska ta ƙaru, a ƙara mai, wuta ta ƙaru. Injin juyi kuwa hayaƙinsa da zafi da ƙarfi yake fita, domin babu bawul da zai tare shi, shi ya sa ya dace da zugazugin. Baba ya yanke hukunci nan take: a bar karbiratar, a ƙara girman jiklar. Hujjojinsa kuma ba na yarwa ba ne. Ya ce abin da za ka iya kwancewa a gindin bishiya, ka hure da baki, ka mayar, shi ne naka. Abin da in ya mutu sai ka jira wani ya zo da akwati ya gaya maka ciwonsa, aro ne aka ba ka. Ya ce ya ga direbobi sun kwana uku a daji saboda waya guda da ɓera ya ci, alhali shi da tsinke da leda ya sha fitar da 504 daga inda babu kowa. Ya ce karbiratar ta san ƙura, ta san man kwalba, ba ta fushi. Kuma ba ta da tsada.

Na koma gida na yi ta karatu kamar mai shirin jarrabawa, na kuma tarar tarihi bai bar Baba shi kaɗai ba. Renault 5 GT Turbo ta 1985 da karbiratar Solex ta fito. Maserati Biturbo ta farkon shekarun 1980 da Weber ta fito. Har ita RX-7 ɗin, wani kamfani a Ingila mai suna Elford ya riƙa ɗora mata turbo da karbiratar SU yana sayarwa. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko a sa karbiratar gaban turbo, zugazugin ya zuƙo gaurayen mai da iska ya tura. Wannan ta fi sauƙin haɗawa, sai dai ba a iya sa masanyayar iska, domin cika ta da gaurayen da ke jiran tartsatsi ganganci ne, ga shi kuma iskar da aka matse zafi take yi. Ta biyu a sa turbo ta hura iska ta cikin karbiratar. A nan ana iya sanyaya iskar, amma na'urar da aka ƙera domin tsotso an mai da ita mai karɓar matsi: dole a toshe duk wata kafa, a sa matsin mai ya riƙa hawa tare da matsin iska ya kuma fi shi kaɗan, in ba haka ba iskar ta kori man ya koma baya. Ko an yi duk wannan, jiklar kafa ce mai girma ɗaya. Wanda ya wadatar lokacin da zugazugin ke hurawa da ƙarfi ya kan shaƙe injin a tafiyar gari, wanda ya dace da tafiyar gari kuma ya bar shi da yunwa a daidai lokacin da yunwa ke kisa.

Allura kuwa aunawa take yi. Akwai ma'aunin matsin iska, da na zafinta, da na zafin ruwa, da na buɗewar totur, da na juyin sanda, da wanda ke shinshinar hayaƙi ya faɗi ko man ya isa. Duk suna kai rahoto ga ƙwaƙwalwar, ita kuma ta ƙayyade tsawon lokacin da kowace allura za ta buɗe, ta kuma ja lokacin tartsatsin buji baya in matsi ya hau. A ƙarƙashin turbo ba a tsayawa kan 14,7, akan sauko wajen 11 zuwa 12, domin rarar man na sanyaya ɗaki. In man ya gaza ko iskar ta yi zafi, gaurayen ya kan fashe da kansa a gurguje, ya doki bango kamar guduma. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, abin da Faransawa ke kira cliquetis. Na kuma gano abu biyu da suka rufe mini baki. Mazda ta fara ɗora turbo kan injin juyi a 1982, kuma tun daga wannan na farko har na ƙarshe ba ta taɓa haɗa turbo da karbiratar ba. Sa'an nan ta rage matsin ɗakin daga 9,4 zuwa 8,5, alhali injin Auta na 9,4 ne, watau ya fi kusa da bakin rami. Gaskiya Auta ke da ita, ko da yake hanyarsa ta fi tsada: sabon bututun shaƙa, famfon mai mai ƙarfi, wayoyi, ƙwaƙwalwa, da kuɗin wurin gwaji.

A nan ne na yi abin da nake hana ɗalibaina. Kullum ina gaya musu tafinta amana ce, ba a ƙara gishiri, ba a rage yaji. Amma da Baba ya tambaye ni me Auta ya ce, sai na ce yana nazarin shawararku, ya ji daɗinta ƙwarai. Da Auta ya tambaye ni, sai na ce Baba ya bar maka zaɓi. Mako uku ina kai gwauro ina kai mari, kowa ina ba shi abin da kunnensa ke so, ina kuma gaya wa kaina ladabi nake yi. Ran wata Juma'a na shigo zaure na tarar da Baba ya baza tsumma a kan tabarma. Ya sa jikansa ya ciro masa wata Weber mai maƙogwaro biyu daga cikin adaka, wadda ya ɓoye tun ina firamare. Ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya da lalube, ya wanke, ya jera jiklar bisa girmansu a cikin murfin kwano. Fuskarsa na haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya ce, “Mushe, ka nemo mini mai zuwa Yamai wanda ya san mai tafiya Faransa. Wannan ba a sa ta a mota sau biyu ba. A kai wa yaron nan.”

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban iya cin tuwon dare ba. Bayan sallar lisha na dawo na zauna nesa da tabarmarsa kaɗan, na ce, “Baba, na yi muku laifi.” Na faɗa masa duka: cewa Auta ya riga ya yanke shawara tun ran farko, cewa ni na riƙa tace maganar, da kuma dalilan da na karanta, ban rage ko ɗaya ba. Ya yi shirun da ya fi faɗa zafi. Da ya buɗe baki bai ambaci Auta ba. Ya ce, “Kai da nake aikawa ka karanto mini takardar likita, ashe haka kake karanta mini ita?” Har yau wannan tambaya ba ta bar ni ba. Na gane cewa ɓoye wa tsoho gaskiya don tausayi wata hanya ce ta gaya masa an gama da shi.

Can ya jawo kwalin nan namu, ya dafa kusurwa, ya koma makanike. Ya ce 504 in ta fara ƙwanƙwasa a kan hawa, takan yi makonni tana kuka kafin ta yi ɓarna, mai kunne ya ji ya gyara. “Wannan fa, tsakanin kukansa da karyewar haƙori, lokaci nawa ne?” Na ce sau da yawa babu tsakani, ƙwanƙwasa ɗaya mai ƙarfi ta isa, guntun haƙorin kuma ya bi ya yage bango, ya fita ta hayaƙi ya tauna farfelar turbo. Ya ce sau nawa wuta ke tashi a cikinsa? Na ɗauki alli na yi lissafi a ƙasa: in sanda na juyi 7.000 a minti, kusan 117 ke nan a daƙiƙa, kowane juyi kuma ƴan juyi biyu na ba da wuta biyu, watau sama da 230 a daƙiƙa guda. Ya maimaita adadin a hankali. Sa'an nan ya ce, “Kunne ba ya bin wannan. Ko ina da shekara talatin ba na bin shi. Kira mini shi.”

Na kira, na ajiye wayar tsakaninsu, na kama bakina. Baba ya ce, “Auta, ka sa allurarka. Amma ka riƙe huɗu. Ka ba shi mai ya ƙoshi, gara hayaƙi da makoki. Kada ka matsa wa zugazugin, tun da ɗakinsa a matse yake. Matatar mai da famfo ka sa sababbi, domin ƙwaƙwalwa ba ta san famfo ya gaji ba sai bayan an yi ɓarna. Na huɗu, lissafin da ke cikin akwatin nan ka koye shi da kanka, kada ka zama direban da ke jiran mai akwati. Kuma duk abin da ta gaya maka, ka zare buji ka duba da idonka.” Auta ya yi ta cewa to Baba, to Baba, muryarsa na rawa. Daga baya ya shaida mini cewa mai wurin gwajin da ya kai motar kusan abin da ya gaya masa ke nan, domin allurar da aka yi wa mugun lissafi ta fi karbiratar saurin kashe inji.

Cikin watan Afirilu na 2023, muna tsakiyar azumi da zafin bazara, saƙo ya iso: daƙiƙa arba'in na kukan inji a tsaye. Wani irin kuka ne mai santsi, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Baba ya sa na maimaita sau uku, wayar manne da kunnensa, idonsa a lumshe. Ya ce, “Lafiya lau yake, amma ralantinsa ya yi sama, yana hawa yana sauka. Yana shan iska ta inda ba a ba shi ba. Ya bi robobin nan ɗaya-ɗaya.” Auta ya ce ƙwaƙwalwar ba ta nuna laifin kome ba. Baba ya ce ya dai bi. Kwana biyu bayan haka ya turo hoton wata ƴar roba da ta tsage a ƙarƙashin bututun shaƙa. Na bayyana wa Baba abin da ke cikin hoton, wannan karon kalma da kalma. Bai ce kome ba, sai ya nemi a ƙara masa kunu.

Abokan aikina malamai, da ku ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, ga abin da ya sa na kawo wannan labari cikin shafinku. Mukan zauna taro mu yi ta jayayya ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya, mu ƙirƙiro kalmomi a kan tebur waɗanda ba sa fita daga ɗakin taron. A zauren nan, tsoho wanda bai yi lakwal ba ya ba ni zugazugi da haƙora cikin dare ɗaya, ya kuma fahimci injin da ya gagari kamfanonin Jamus da Faransa, da kwali da yatsa. Garejojin Maraɗi da Damagaram da Tawa cike suke da irin waɗannan kalmomi, wasu an aro daga Faransanci an lanƙwasa, wasu daga Turancin ƙetaren iyaka, wasu daga maƙera da masaƙa. Masu su suna tsufa, kuma ban san wani ƙamus da ya bi su ya rubuta ba. Tun daga bara na fara aika ɗalibaina, biyu-biyu, kowane rukuni da littafi, su zauna wurin makanike ko maƙeri ko mai gyaran injin ban-ruwa, su rubuto sunan kowane ƙarfe da yadda ake faɗin ciwonsa. Sharaɗi guda nake kafa musu: su rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba.

Weber ɗin ba ta je Faransa ba. Baba ya mayar da ita yadda take, ya naɗe cikin tsumma, amma bai mai da ita adaka ba. Tana kan taga a zaure, kuma in jikokinsa suka taru ya kan sa su kwance ta su mayar, yana bin hannuwansu da nasa. Auta ya yi alkawarin in ya zo hutu zai taho da tsohon haƙori guda daga cikin waɗanda ya cire, domin Baba ya taɓa na gaske. Allah shi kai mu lokacin da rai da lafiya, shi jiƙan magabatanmu, shi kuma ba mu ikon riƙe amanar magana.